Bahon Wanka a Kan Rufin Delbert

A layinmu idan aka ce "Injiniya", ba a tambayar wanne. Delbert Kimmel ake nufi, mai gidan kan kwana. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, don duk rayuwarsa kafet ya sayar a wani shago na cikin gari har ya yi ritaya. Amma a bakinsa saura ƙiris ya zama injiniya, ciwon ido ne ya hana. Saura ƙiris kuma ya zama lauya, saboda an taɓa kiransa cikin mutanen gari masu taya alƙali yanke hukunci, aka sallame shi tun kafin a fara shari'ar don ya ƙi yin shiru. Tun daga ranar ya san doka fiye da waɗanda suka rubuta ta.

Abu guda ne yake ci masa rai duk ƙarshen shekara, wato gasar adon Kirsimeti. Kowane gida yakan ƙawata farfajiyarsa, alƙalan unguwa su zagaya, wanda ya ci a ba shi kambu. Kuma kullum Misis Pulaski ke ci, wata tsohuwa a tsallaken titi, wadda duk adonta kyandirori ne a taga da ɗan ganye a ƙofa.

"Kyandir!" in ji Delbert wata safiya, yana leƙen gidanta ta labule. "Lorna, a ƙasar da ta kai mutum duniyar wata, kyandir ke cin gasa. Bana za a ga aikin ƙwaƙwalwa."

Lorna matarsa ta ci gaba da shafa man gyaɗa a burodi. Ta daɗe da sanin cewa idan ya ambaci ƙwaƙwalwa, wani abu zai karye.

"Bara ma ai an ga aikin ƙwaƙwalwa," ta ce. "Har yanzu girarka ta hagu ba ta gama tsirowa ba."

"Wannan laifin kamfanin ƙwan fitila ne. Bana Baba Kirsimeti, tsohon nan mai jar riga da ke raba wa yara kyauta, zai tashi sama. Daga kan rufi zai taso a kekensa, bareyi na gaba suna ja, ya ratsa ta kan mutane ya sauka a bishiyar bakin titi. A ƙasa kuma tafki ne kamar madubi. Wutar da zan kunna, jirgin sama sai ya ɗauka filin sauka ne."

"Ina za ka samo keken?"

Ya kai ta bayan gareji ya yaye wani tamfol. Ta daɗe tana kallo.

"Del, wannan ba bahon wankan da muka fitar ba ne don ya tsage?"

"Da baho ne. Yanzu keke ne. Fenti kawai yake jira."

"Na ƙarfe ne fa. Maza huɗu suka fito da shi, ɗaya har yau yana dafe da ƙugu."

"Nauyi shi ne daidaito, Lorna. Ba za ki gane ba, harkar lissafi ce."

Yadda aka yi bahon ya hau rufi labari ne mai zaman kansa, kuma mai motar ɗaga kaya da ya yi aikin ya roƙi kada a ambaci sunansa. Delbert ya shafe shi da jan fenti, ya ɗaura igiyar ƙarfe daga bututun hayaƙin gidan zuwa bishiya, ya cire injin ƙofar gareji ya mai da shi abin ja. Daga nan sai wayoyin wuta. Ya jona wannan da waccan, waccan da wata, har farfajiyar ta koma kamar an kifar da tukunyar taliya. Dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe su ruf, ya ce Allah ma yana taya shi ɓoye aiki.

Wadda ta fara gano inda suke ita ce wata mata mai suna Wanda, mai raba wasiƙun layin. Ta shigo da jakarta tana 'yar waƙa, ƙafarta ta shige cikin wata waya, ta yi sama, jaka ta yi gabas, ita ta yi yamma. Wayar ta fizgo wata barewar roba, barewar ta sauko mata a ka.

Delbert ya fito a guje.

"Wayyo, ƙahonta! Wanda, kin san nawa na sha wahala kafin in samo wannan barewar?"

Wanda ta zauna cikin dusa tana riƙe da wuyan hannunta, wanda ya fara kumbura.

"Sannu da zuwa ceto, Injiniya. Je ka kira mata motar asibiti, ni zan jira."

"Ai ke ce ba ki duba gabanki ba."

"In duba me? Ka binne tarko a hanyar da nake bi kullum!"

"A doka," ya ce, ya ɗaga yatsa, "ido na mai tafiya ne. Ƙasa ba ta da ido. Je ki tambayi kowane alƙali."

"Zan kuwa tambaya," in ji Wanda. "Har da mai taya shi."

Lorna ce ta kai ta asibiti. Da ta dawo ta tarar da mijinta ya kafa wani ƙaton allo a bakin farfajiya, ya rubuta da ragowar jan fenti: DUK WANDA YA SHIGO DA ƘAFARSA YA SHIGO. ABIN DA YA SAME SHI NASA NE.

"Shi ke nan," ya ce yana goge hannu. "Na rufe bakin duk lauyoyin jihar nan da ƙusa huɗu. Mutane na biyan kuɗi a ba su irin wannan shawarar."

"Na kira masu inshora," ta ce.

"Me ya kai ki?"

"Hannun Wanda ya kai ni. Mutumin ya ce tuntuɓe a farfajiya suna biya. Sai na gaya masa akwai baho a kan rufi. Ya ce, 'Baho, ranki ya daɗe? Na wanka?' Na ce na wanka. Ya ce tunda an gaya mana haɗari ne, in ba mu sauke shi ba, duk abin da ya biyo baya kada mu neme su. Ka ji ko, Del? In wani ya karye a nan, gidan nan za a sayar a biya."

"Tsoratarwa ce. Haka suke yi wa wanda bai san doka ba. Ni da ya same ni a waya, da shi zai ba ni haƙuri."

Washegari ya fara aikin tafki. Ya jawo bututun ban ruwa ya sake shi a tsakiyar farfajiya, ya ce sanyi zai ƙarasa sauran. Sanyi kuwa bai ba shi kunya ba. Sai dai Injiniya ya manta cewa gidansa a kan gangara yake, kuma ruwa bai iya karanta allo ba. Ya malala ta ƙarƙashin allon, ya bi hanyar masu tafiya a ƙasa, ya daskare sumul har kwana.

Da yamma Fasto Emmett ya biyo layin da mawaƙan cocinsa, suna bin gida gida da waƙoƙin Kirsimeti kamar yadda suka saba. Suna tafe a jere, faston na gaba yana tafiya da baya yana kaɗa musu hannu. Ana tsakiyar wani baiti mai jan murya sai aka ga Fasto ya ɓace daga gaban sahu. Ta bayansa ta bi shi, na bayanta ya bi ta. Waƙar ba ta tsaya ba, sai dai ta canza salo. Suka gangara a dunƙule har gindin fitilar titi, Fasto a ƙasa, mata biyu masu ƙiba a kansa, haƙoran robar wani dattijo suna ta sulɓi su kaɗai a gaba.

Maƙwabta suka fito. Delbert ma ya fito da kofin shayi, ya tsaya a bayan allonsa.

"Ɗan'uwa Delbert," in ji Fasto daga ƙarƙashin jama'a, da muryar wanda yake ƙoƙarin tuna cewa shi fasto ne, "wannan ƙanƙarar daga gidanka ta fito?"

"Daga sama ta fito, Fasto. Kai ya kamata ka fi kowa sanin mai sanyi."

"Mai sanyi bai jawo bututu ba. Ga shi can yana zuba."

"To bari in yi maka bayanin doka. Ruwa nawa ne muddin yana cikin filina. Da zarar ya tsallaka ya zama ruwan gwamnati. Ka rubuta wa magajin gari."

Misis Pulaski ta leƙo daga barandarta, lulluɓe da mayafi.

"Injiniya, an ce tafki kake yi. Yaushe za a zuba kifi? Na ga dai an fara da Kiristoci."

Layi ya ɗauki dariya, har da wasu na cikin tarin. Delbert ya kurɓi shayi.

"Ki yi dariyarki, Misis Pulaski. Ranar Asabar ki tanadi kyandir ɗaya na makokin kambunki."

An kai Fasto asibiti a kife, don ƙashin mazauninsa ya tsage. Lorna ta bi gida gida da kek tana ba da haƙuri, ta dawo ta zuba gishiri a hanya da hannunta. Ta roƙi mijinta, ta yi faɗa, ta yi shiru, duk bai ji ba. Ya ce duk wani babban aiki a tarihi sai da aka ɗan ji ciwo.

Asabar ta zo. Tun rana ba ta gama faɗuwa ba layin ya cika, don labari ya zagaya gari cewa akwai gidan da ake shiga da ƙafa a fito a kan gado. Har daga wasu unguwanni aka zo da kujerun naɗewa. Wanda na nan da hannu a rataye, Fasto na nan a tsaye, don zama ya haramta gare shi.

Sai ga alƙalan gasa. Shugabansu na bana kuwa Lauya Gaskins ne, wanda fuskarsa ke jikin kowane bencin jiran bas a garin, da murmushi har kunne, an rubuta a ƙasa: KA FAƊI? KIRA NI. Ya tsaya ya dubi wayoyin, ya dubi ƙanƙarar, ya ɗaga kai ya dubi bahon. Idonsa ya kawo ruwa kamar mayunwacin da ya shiga gidan biki.

Lorna ta ja hannun mijinta.

"Del, ka ga wanda ya zo? Don girman Allah ka bari."

"Na gan shi. Yau zai ƙaru. Abokin sana'a ne."

Amma an sami matsala. Mutum-mutumin Baba Kirsimeti da ya cusa wa tsummoki ya zaunar a baho, iska ta ɗauke shi tun da rana, an ce an gan shi a kan rufin gidan mai. Wani zai ce a fasa. Delbert ya shiga ɗaki, ya fito cikin jar riga da farin gemun auduga, da matashin kai cushe a ciki duk da cewa tumbinsa bai nemi taimako ba. Ya kafa tsani ya hau, ya shige baho, ya ɗaga ɗan makunnin ƙofar gareji sama kamar sanda.

"Jama'a!" ya yi kira. "Ku matso! Abin da za ku gani, jikokinku za su tambaye ku!"

"Za mu nuna musu tabon!" wani ya amsa daga baya.

Ya danna. Injin ya yi gurnani, igiya ta miƙe, baho ya motsa. Gaskiyar magana, na ɗan lokaci abin ya yi kyau. Jan baho ya rabu da rufi yana lilo, bareyin roba na gaba, Delbert na ɗaga hannu kamar ɗan takara. Har wasu suka fara tafi. Tafin nan ne ya ƙarasa shi.

"Lorna! Kunna wutar! Duka!"

"Ba zan kunna ba."

"Mace ba ta son ci gaba! Wani ya kunna!"

Wani ɗan kallo, irin waɗanda ba a rasawa, ya jona. Gidan ya yi wal, har sai da mutane suka kare ido. Aka ji wani tas daga kan sandar lantarki, sai ƙaurin roba. Wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Injin ya tsaya. Baho ya tsaya cak a tsakiyar igiya, daidai kan jama'a.

Abin da ya rage yana haske a duk layin, kyandirorin Misis Pulaski ne.

"Kada kowa ya tsorata," in ji murya daga sama. "Wannan yana cikin shiri."

"Wane ɓangaren?" in ji Wanda. "Na duhun ko na rataya?"

"Hutun rabin lokaci ne. Manyan wasanni duk suna yi."

"Baba Kirsimeti, me ka kawo mini?" wani ya yi ihu.

"Na kawo maka hankali, tunda gidanku babu!"

"Injiniya," in ji Misis Pulaski, "in aiko maka da sabulu? Tunda kana ciki kada zaman ya tafi a banza."

Delbert ya miƙe tsaye don ya ba ta amsar da ta dace da ita. Bahon ya karkata, ya koma ɗaya gefen, igiya ta yi ƙara. Daga kan rufi aka ji wani abu yana ƙas, ƙas, kamar ana taunar ƙashi. Bulo ɗaya ya gangaro. Na biyu ya biyo shi. Bututun hayaƙin ya sunkuya a hankali kamar mai gaisuwa.

"Ku watse!" Lorna ta ƙwala ihu.

Aka watse, gwargwadon yadda ake iya watsewa a kan ƙanƙara. Igiya ta saki. Baho ya sauko ya daki tafkin da wata ƙara da aka ji har bakin kasuwa, kuma a nan ne aka tabbatar tafkin Delbert ya yi kyau, don bahon bai tsaya ba. Ya tafi kamar kwalekwale. Ya kwashe bareyi, ya kwashe wayoyi, ya tumɓuke allon doka. Lauya Gaskins ya juya zai gudu, takalminsa na ofis ya ci amanarsa, baho ya ɗauke masa ƙafafu, ya faɗa ciki da baya. Haka suka tsallaka titi su biyu, ɗaya na salati irin nasa, ɗaya na kiran uwarsa, suka ratsa shingen furannin Misis Pulaski suka daki matakalar barandarta. Tukunyar fure ta faɗo ta fashe a kan Baba Kirsimeti.

Sai mutane suka matso da fitilun wayoyinsu.

Gaskins na kwance, ƙafarsa ɗaya ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Amma murmushi yake yi, irin na jikin benci sak.

"Mista Kimmel," ya ce a hankali, "na daɗe a aikin nan ina addu'ar haɗuwa da mutum irinka."

Delbert ya tofar da ƙasa da auduga.

"Ba ka da ta cewa, abokin aiki. Na kafa allo. Ka karanta?"

"Ina kan karantawa. Ga shi a ƙarƙashina, ƙusarsa ɗaya na cikin cinyata."

"To ka gani. Abin da ya same ka naka ne."

"Haka ne. Kuma abin da ya same ni yanzu gida ne mai ɗaki uku a kan kwana." Ya ɗaga murya. "Wanda! Fasto! Duk wanda ya faɗi a layin nan makon nan, ya same ni a asibiti. Ba sai kun kira ba."

A nan ne Delbert ya fara jin sanyi. Ya dubi Wanda da hannunta, ya dubi Fasto a tsaye, ya dubi dattijon da ke magana ba haƙora. Ƙwaƙwalwar nan da ake ta jira ta yi aiki, sai ta yi.

"Tsaya!" ya ce. "Mai gida ake ƙara, ko ba haka doka ta ce ba?"

"A karon farko ka faɗi daidai."

"To ni ba mai gida ba ne! Gidan na Lorna ne! Gadon ubanta ne, ko ƙofa ɗaya ba ni da ita a ciki! Ni zama kawai nake yi!" Ya waiga ya ga duk layin na saurare, amma bakin ya riga ya ɓalle. "In ma gaskiya za a bi, ni ma an ji mini ciwo a gidan wata. Dubi goshina. Gaskins, ni ma zan iya shiga cikin masu ƙara?"

Jama'a suka dare, Lorna ta tako a hankali ta tsaya a kan baho, hannu a harɗe.

"Maimaita, Del. Na baya ba su ji ba."

"Masoyiya, dabarar shari'a ce..."

"Ɗan haya ne ashe," in ji Misis Pulaski. "Lorna, yana biya kuwa?"

"Bai taɓa ba."

"Ni dai a gidana," in ji tsohuwar, "ɗan hayan da ya karya bututun hayaƙi, a gareji yake kwana."

A gareji ya kwana, kuma garejin ba ya rufuwa, don injin ƙofarsa na can rataye a bishiya.

Bayan sabuwar shekara aka zauna a zauren coci. Gaskins ya zo da sandunan guragu, waɗanda suka ji ciwo suka jeru a bayansa, Fasto a kan wani matashi mai rami a tsakiya. Delbert ya zo da ƙaramin akwati irin na lauyoyi, ya buɗe baki zai fara jawabi. Lorna ta ce, "Zauna." Ya zauna.

Ita ta yi magana. Ta ce a gidan aka haife ta, a cikinsa uwarta ta rasu, kuma ta san doka na iya raba ta da shi, ba ta musu. Ta ce ta sayar da motar Delbert ta ɗaukar kaya da jirgin kamun kifinsa da duk kayan aikin da ke gareji, za a biya asibitin kowa har a warke. Wanda ta sunkuyar da kai. Fasto ya yi gyaran murya. Gaskins ya duba fuskokin mutanensa ya ga gida mai ɗaki uku yana sulɓe masa.

"Akwai wahalar da aka sha," ya ce. "Ba kuɗin magani kaɗai ba ne."

"Na sani," in ji Lorna. "Shi ya sa na ƙara da wannan. Daga yau har bazara, Delbert zai yi wa kowannenku aiki kyauta. Zai kwashe muku dusa, ya gyara muku abin da ya lalace, famfo ne, wuta ce, rufi ne..."

Ba ta ƙarasa ba zauren ya hargitse.

"A'a!" in ji Wanda, ta miƙe. "Hannu ɗaya ya rage mini!"

"Coci na da yara," in ji Fasto. "Ina roƙonki da sunan Allah."

Dattijon nan ya faɗi wata doguwar magana da ba a gane ba, amma yana nuna ƙofa yana girgiza kai.

Delbert ya tashi da fara'a. "Ku kwantar da hankalinku. Fasto, na lura injin ɗumama cocin nan yana wata ƙara. In ka ba ni rabin yini..."

"Gaskins!" Fasto ya yi ihu, abin da ba a taɓa ji ya yi ba ko a kan mumbari. "Yi wani abu!"

Suka haɗa kai a kusurwa suna ƙus-ƙus. Gaskins ya yi ta jayayya, suka fi ƙarfinsa. Ya dawo yana ɗingishi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Misis Kimmel, mutanena sun yarda. A biya asibiti, gida ya zauna a hannunki, ba za a je kotu ba. Amma da sharaɗi ɗaya. Mijinki zai rantse a gaban Fasto cewa har ya mutu ba zai taimaki kowa a layin nan ba. Ko an roƙe shi. Ko gobara ce."

"Musamman gobara," in ji Wanda.

Delbert ya so ya yi gardama a kan kalmar "taimako" a mahangar doka. Lorna ta dube shi. Ya ɗora hannu ya rantse.

Aka fito waje ana gaisawa. Misis Pulaski na gaba, tana saukowa daga matakalar coci da ƙyar, sanda a hannu ɗaya, jakar kwanukan da ta kawo abinci a ɗaya, tana cije leɓe saboda gwiwar da ta shekara tana kai ta asibiti. Delbert ya gan ta. Rantsuwar ko bushewa ba ta yi a bakinsa ba, ya miƙa hannu.

"Kawo in taya ki, maƙwabciya."

Tsohuwar ta waiga ta ga ko wane ne. Ta yar da sanda, ta rungume jakar, ta zura da gudu. Kwanuka na ƙara, mayafi na tashi, ta tsallake tudun dusa, ta sha kwana ta ɓace.

Delbert ya tsaya yana kallon inda ta bi. Sannan ya juyo ga jama'a, ya gyara wuyan rigarsa.

"Kun gani ko? Likitoci sun shekara suna fama da gwiwar nan. Ni magana ɗaya na yi."